Rubutun Larabci yana tsinkewa idan na ɗora shi a kan da'ira, ina mafita?

Abu_Hafsa_Jidda:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Makarantar Islamiyyar da yaranmu ke zuwa a nan Jidda za ta yi walimar saukar karatu, kuma an ɗora mini aikin haɗa gajeren bidiyo na daƙiƙa 15 wanda za a buɗe taron da shi. Tambarin makarantar da'ira ne, don haka nake so sunanta da Hausa ya bi saman da'irar, sunanta da Larabci kuma ya bi ƙasa, dukansu su shigo suna tafiya a hankali har su tsaya a gurbinsu. Da After Effects nake aiki, manhajar Adobe ta haɗa bidiyo mai motsi. Na zana da'irar a kan leyar rubutun, na zaɓe ta a ƙarƙashin Path Options, kuma rubutun boko ya hau lafiya, sai dai harafin ƙ ya fito da wata siffa dabam da ta sauran haruffan. Na Larabcin ne ya fi damuna. Da zarar ya hau da'irar sai mahaɗar haruffan ta ɓalle, sin ya rabu da lam, mim ya koma gefe shi kaɗai, ga shi kuma rubutun ya kife kansa a ƙasa. Na yi ƙoƙarin motsa shi da First Margin kamar yadda na motsa na Hausar, amma ko gezau bai yi ba. Kwana biyu ke nan ina fama, saura mako guda a yi walimar. Wanda ya taɓa cin karo da wannan ya taimaka mini.

MaiZane_Makka:
Wa alaikumus salam, Abu Hafsa. Matsaloli huɗu ka kawo a jaka ɗaya, bari in fara da masu sauƙi. Rashin motsin Larabcin ba lalacewa ba ce. A wannan manhaja, idan rubutu yana jingine da ɓangaren dama, ba ta kula First Margin, sai dai Last Margin, kuma Larabci daga dama yake farawa. Ka sa maƙallan lokacinka, wato alamomin da ke nuna inda motsi zai fara da inda zai tsaya, a kan Last Margin, ko kuma ka daidaita rubutun a tsakiya, za ka ga ya motsa. Kifewar kuwa ta zo ne saboda rubutu yana tsayawa a bayan da'irar ne, ƙafafunsa na kallon cibiya, don haka duk abin da ya gangaro ƙasa dole ya kife. Ka kunna Reverse Path a leyar Larabcin, zai koma cikin da'irar ya tsaya daidai. Amma ka lura, da ya koma ciki zai yi kamar ya fi na sama kusa da cibiya, saboda haka ka ba shi tasa da'irar wadda ta ɗan fi girma, ta yadda tsakiyar tsayin haruffan sama da na ƙasa za su zauna a kan zobe ɗaya. Kada kuma ka manta ka mayar da yanayin da'irar zuwa None, idan ba haka ba za ta yanke maka kawunan haruffa.

Bakano_Riyad:
Malam MaiZane ya yi daidai. Ni a kan harafin ƙ zan yi magana, domin ya sha ba ni kunya a gaban masu aiki. Salon rubutun da ka zaɓa ba shi da ƙ a cikinsa, shi ya sa kwamfutar ta aro shi daga wani salon ta cusa. Kafin ka fara kowane aikin Hausa, ka rubuta ɓ, ɗ, ƙ da manyansu a jere ka duba. Noto Sans na Google yana da su, haka ma Andika da Charis na SIL, kuma dukansu kyauta ne. A rubutun da ke miƙe ba kowa ke gane harafin aro ba, amma a kan da'ira yana tona asiri nan take, domin faɗinsa ya saba da na maƙwabtansa, sai tazarar ta zama gurguwa a daidai wurin.

Abu_Hafsa_Jidda:
Allah ya saka muku da alheri. Na gwada Last Margin ya motsa, kifewar ta gyaru, na kuma koma Noto Sans. Saura tsinkewar haruffan, wadda ita ce uwar matsalar. Na sauya salon Larabcin har sau biyar, daga Amiri zuwa Cairo zuwa Tajawal, duk ba ta canja zane ba.

Injiniya_Yanbu:
Ɗan'uwa, ko ka sauya salo ɗari ba za ta gyaru ba, domin ciwon ba a salon yake ba. Manhajar ba ta lanƙwasa harafi. Abin da take yi shi ne ta ɗauki kowane harafi a sandare kamar bulo, ta ajiye shi a kan layin, ta juya shi gwargwadon karkatar layin a wannan wuri, sannan ta ɗauko na gaba. A rubutun boko wannan ba ya cutarwa, tunda dama haruffan a rarrabe suke. Larabci kuwa an zana shi ne a kan cewa wutsiyar wannan harafi za ta shiga kan na gaba a miƙe, to idan kowannensu ya juya nasa juyin dabam, dole mahaɗar ta karye ko ta buɗe.

Akwai lissafi mai sauƙi da zai nuna maka girman matsalar. Ka raba faɗin harafi da nisan cibiya zuwa bakin da'irar, sannan ka ninka sakamakon da kusan 57 don ya koma digiri. Idan harafin fiksel 60 ne, nisan kuma 300, bambancin juyi tsakanin harafi da maƙwabcinsa zai kai kusan digiri 11 da rabi, wanda ido ba zai kasa gani ba. Idan ka mayar da nisan 600, ya sauko ƙasa da digiri 6. Idan kuma ka rage girman rubutun da rabi a kan wannan babbar da'irar, ya koma kusan digiri 3, wanda kaurin layin harafin kansa zai iya rufewa. Saboda haka maganin farko shi ne babbar da'ira da ƙaramin rubutu, a salo mai kauri wanda gindinsa yake a shimfiɗe. Cairo zai fi Amiri jure wannan, domin haruffan Amiri suna hawa kan juna irin na naskhi, layukansa kuma sirara ne.

Ummu_Sadiq:
Injiniya, bayaninka ya gamsar, amma tambarin makaranta ba ka da ikon faɗaɗa shi yadda kake so, musamman a bidiyon tsaye na waya inda faɗin duka fiksel 1080 ne. Idan ka sa nisan 600, da'irar ta riga ta fita daga allon. Ni na daina dogaro da Path Options a rubutun Larabci tun da na yi wa wata ƙawata katin ɗaurin aure mai motsi, na kwana ina matsa haruffa ɗaya bayan ɗaya, da safe mahaifinta ya duba sau ɗaya ya ce sunan ango ya rabu biyu. Hanyar da nake bi yanzu ita ce in rubuta kalmomin a miƙe a Illustrator, in mayar da su zane, in yi Art Brush da su, sannan in ɗora burushin a kan rabin da'ira. A nan zanen ne gaba ɗaya yake lanƙwasa, har da mahaɗar, don haka babu inda zai ɓalle. Daga nan sai in shigo da shi After Effects a matsayin zane, in kai madogarar juyinsa cibiyar da'irar, in juya leyar kawai. Ga mai kallo rubutu ne ke tafiya a kan da'ira, alhali faifai ne ke juyawa. Illarsa ɗaya ce: idan aka ce a gyara harafi guda, sai ka koma farko. Don haka ka sa shugaban makarantar ya tabbatar maka da rubutun a rubuce kafin ka mayar da shi zane.

Malam_Alkalami:
'Yata Ummu Sadiq, hanyarki tana haɗa abin da ya tsinke, amma ina da ja a kanta. Ni ba masanin kwamfuta ba ne, da alƙalamin kara na koyi rubutu, kuma jikana ne ya shigar da ni wannan zaure. Idan aka lanƙwasa rubutu gaba ɗaya kamar roba, ɗigon da ya kamata ya zama murabba'i sai ya zama kamar ƙwayar kankana, alif kuma ya yi kauri a wani ƙarshen ya sirance a ɗayan. Ma'aunin rubutun Larabci da ɗigo ake yin sa tun zamanin Ibn Muƙla a Bagadaza, tsayin alif ɗigo kaza, faɗin ba ɗigo kaza, to idan ɗigon ya lalace ma'aunin duka ya tafi. Wanda yake Madina ya ɗaga kai ya dubi rubutun da ke cikin ƙubbobin tsohon ginin Usmaniyya a Masallacin Annabi, mai tsira da aminci, ya kuma dubi na bangon alƙibla wanda Abdullahi Zuhdi ya yi a aikin Sarki Abdulmajid. Marubucin da zai zagaye ƙubba ba ya rubutu a miƙe sannan ya lanƙwasa. Tun farko da'irar yake rubuta wa, kowane alif yana fuskantar cibiya, kuma a jan da ke tsakanin haruffa yake ɓoye lanƙwasar, ba a jikin harafin ba. Idan akwai yadda kwamfuta za ta yi haka, ita ce hanyar gaskiya.

MaiZane_Makka:
Baba Malam, akwai abin da ya yi kusa da haka, sai dai aikin hannu ne. A After Effects akwai umarnin Create Shapes from Text, wanda yake mayar da rubutun da ke kan da'irar zane, kowane harafi da ɗigoginsa na gyara. Jikin harafin yana nan yadda mai salon ya zana shi, an juya shi ne kawai. Sai mutum ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya ya ja hannayen lanƙwasar har wutsiyar wannan ta sadu da kan wancan. Sunan makaranta mai kalmomi huɗu ba zai wuce mahaɗa goma sha biyar ba, aikin awa ɗaya ne ko biyu. Bayan haka sai a juya shi kamar yadda Ummu Sadiq ta faɗa. Wato dai maganarka ce, Baba, lanƙwasar tana cikin jan, harafin yana nan da mutuncinsa.

Dan_MaiWurno:
Ina gaishe da dattawa da sauran 'yan'uwa, daga Sudan nake bibiyarku. Ina so in ƙara wata dabara mai arha wadda na gwada: tsawaita mahaɗar da alamar ja da ake kira taɗwili ko kashida. Idan ka sa ɗaya ko biyu tsakanin haruffa, manhajar tana ɗaukar kowacce a matsayin ƙaramin harafi, sai juyin ya rabu gida biyu ko uku maimakon ya taru a wuri guda. Ba ta kai aikin hannu kyau ba, kuma idan aka matso kusa za a ga gaɓoɓi, amma a allon waya tana wucewa, kuma rubutun yana nan a matsayin rubutu, ana iya gyara shi. Gargaɗi ɗaya kawai: kada ka kunna Force Alignment, kada kuma ka ƙara tazarar haruffa, domin dukansu biyun suna ware haruffa ne don su cika layin, kuma wannan shi ne babban abokin gaban Larabci.

Ina kuma so in tambaya, ko akwai wanda ya yi wannan aikin a manhajar da ba ta kuɗi ba? Biyan kuɗin Adobe wata-wata ba abu ne mai yiwuwa ba a wurin da yawa daga cikinmu a halin da ƙasarmu take ciki.

Bazazzagi_Madina:
Allah ya kawo muku sauƙi, ɗan'uwa. DaVinci Resolve yana da na kyauta, kuma a sashen Fusion akwai Text+ wanda a shafin Layout za ka iya zaɓar Circle ko Path, ka zana layinka a kan allo, sannan ka motsa rubutun da ma'aunin matsayinsa a kan layin. Sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi. Blender kyauta ne baki ɗaya, kuma abin da ya bambanta shi shi ne idan ka sa wa zane Curve modifier, jikinsa ne yake lanƙwasa yana bin layin, irin na hanyar Ummu Sadiq, har ma a kan layi mai kwana-kwana kamar maciji. Ni nakan shirya Larabcin a Inkscape, in mayar da shi zane, in shigo da shi a matsayin SVG, domin ban yarda in buga Larabci kai tsaye a cikin Blender ba tun ranar da ya jero mini haruffan a rarrabe daga hagu.

Hajiya_Katsinawa:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata, amma maganar tana cikin batun. Abu Hafsa ya ce sunan makaranta ne zai zagaya, wannan babu damuwa. Abin da nake gani a bidiyoyin walima da na kamfanonin aikin Hajji shi ne a ɗauki aya ko kalmar shahada a sa ta tana wulwulawa kamar fanka, rabin lokacin tana kife, wani lokacin ma ta tarwatse harafi-harafi ta sake haɗuwa. Zuciyata ba ta natsuwa da wannan. Ku dubi ɗamarar rigar Ka'aba da ake saƙawa a masana'antar Ummul Jud, rubutun sulusi ne ya zagaye ɗakin duka, amma yana tsaye, mai ɗawafi ne yake tafiya yana karantawa. Ina ganin idan aya ce, gara a bar ta a tsaye ta bayyana a hankali daga dama zuwa hagu yadda alƙalami yake tafiya.

Bakano_Riyad:
Hajiya, hukuncin sai malamai, amma ta fuskar sana'a ma maganarki tana da ƙarfi. Rubutun da yake juyawa ba ya karantuwa, musamman wanda yake da wasali. Kuma bayyanar da kika kwatanta ta fi juyi sauƙin yi. Ana zana rabin zobe mai kauri a kan rubutun, a sa masa Trim Paths, a mayar da shi marufin leyar rubutun, sai rubutun ya riƙa buɗewa yana bin zoben. Abin lura kawai shi ne inda zoben ya fara da inda ya nufa, domin idan aka bar shi yadda ya zo yana iya buɗe Larabcin daga ƙarshen jimla.

Injiniya_Yanbu:
Ina so in gyara abu ɗaya a maganar Ummu Sadiq da MaiZane, don kada wani ya ɗauke ta a matsayin maganin kowane ciwo. Juya leya yana aiki ne a kan cikakkiyar da'ira kaɗai, saboda lanƙwasarta iri ɗaya ce a ko'ina. Idan layin ƙwai ne, ko mai hawa da sauka kamar igiyar ruwa, zanen da aka gyara wa mahaɗa a wuri ɗaya ba zai dace da wani wurin ba. Irin waɗannan layukan da muke ja da hannaye biyu sun samo suna daga Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yaɗa su a shekarun 1960 don zana jikin mota, kuma kaifin kwanarsu yana canjawa daga wuri zuwa wuri. A kan irinsu abin da na ga ya fi shi ne a motsa rubutun kalma-kalma. Kowace kalma ta zauna a dunƙule, ta bi layin tana juyawa gaba ɗayanta, kamar taragon jirgin Haramain a kan kwana. A ƙarƙashin More Options akwai Anchor Point Grouping da za a mayar Word, kuma a zaɓin kewayon mai motsa rubutu a sa ya dogara da kalmomi maimakon haruffa, amma wannan yana gyara motsin da aka ƙara ne kawai. Don bin layin kansa, ni raba kalmomin nake yi leya-leya, in manna layin a kan matsayin kowacce, in kunna Auto-Orient, in jinkirta kowace kalma da firem kaɗan.

Ummu_Sadiq:
Na karɓi gyaran, Injiniya, ban yi tunanin layin da ba da'ira ba. Amma a kan maganar Baba Malam ina nan a kan bakana kaɗan. A rubutu mai tsayin fiksel 50 a allon waya, bayan WhatsApp ya matse bidiyon, babu idon da zai bambance ɗigo murabba'i da wanda ya ɗan karkace. Idan allon zauren taro ne ko tambarin da za a buga, to a nan na yarda a yi aikin hannu.

Malam_Alkalami:
'Yata, idon da ya saba yana gani ko a waya, amma na ji uzurinki, kuma mai mako guda a hannu ba daidai yake da mai shekara ba. Tunda ana maganar salo, akwai wanda zai gaya mini ko ana samun irin rubutun allonmu na gida a kwamfuta? Yaran nan da warash iyayensu suka yi karatu, zai yi kyau a ga hannun gida a tambarinsu.

Dan_MaiWurno:
Akwai, Baba. SIL sun fitar da salo mai suna Alkalami wanda aka zana a kan rubutun Kano, da wani mai suna Harmattan don ajamin Afirka ta Yamma, kuma kyauta ake saukar da su. Alkalami yana da kauri, don haka ina zaton zai ɓoye karyewar mahaɗa fiye da siraran salo, amma ban taɓa ɗora shi a kan da'ira ba. Sai an lura da fa da ƙaf, domin ɗigonsu a rubutun Magariba ya saba da wanda mutanen Saudiyya suka saba gani, kada baƙi su zaci kuskure ne.

Abu_Hafsa_Jidda:
Ga inda na tsaya a daren nan. Na bi hanyar Malam MaiZane a kan sunan Larabcin, na mayar da shi zane na ɗinke mahaɗa goma sha ɗaya da hannu, kuma ya zauna yadda nake so. Na fasa juyin gaba ɗaya a ɓangaren Larabcin, na sa ya buɗe daga dama kamar yadda Hajiya da Bakano suka ce, na Hausar kuma yana shigowa daga hagu da First Margin, su haɗu a daƙiƙa ta uku. Sabuwar damuwa ita ce na Hausar yana ɗan rawa yayin da yake rage gudu zai tsaya, haruffan suna karkarwa kamar ana girgiza su, musamman a daidai saman da'irar. A firem 25 nake aiki, kuma da hannu na zana da'irar da alƙalamin manhajar.

MaiZane_Makka:
A nan matsalar take, Abu Hafsa. Da'irar hannu ba ta cika zama daidai ba, kuma duk inda hannayen ɗigo biyu ba su miƙe a layi ɗaya ba, harafi yana yin tsalle idan ya zo wucewa. Ka goge ta, ka zana sabuwa da kayan zana da'ira kana danne da Shift, sannan ka duba ko ɗigon farko bai faɗo a tsakiyar rubutun ba. Idan ya faɗo, ka mayar da shi gefe da Set First Vertex. Idan rawar ta ci gaba bayan haka, turo mana hoton jadawalin gudun mu gani, domin ina zargin akwai maƙallin lokaci na uku da ya ɓuya tsakanin biyun.

Injiniya_Yanbu:
Ni kuma ina so in san girman rubutun da nisan da'irar a fiksel, kuma ko rawar tana nan a bidiyon da ka fitar ko a allon gwaji kaɗai kake ganinta, domin idan ka rage ingancin allon gwajin zuwa rabi ko rubu'i, siraran layuka sukan yi irin wannan karkarwar alhali aikin lafiya yake.